Furfurar Aro

A ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, tun kafin rana ta fito, mutane su kan taru a wani babban fili na birnin Landan mai suna Hyde Park domin kallon waɗansu motoci. Ba a yarda wata mota ta shiga jerin ba sai wadda aka ƙera kafin shekarar 1905. Daga nan su kan kama hanya zuwa garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar wajen mil 60, suna tafe suna tari, waɗansu suna mutuwa a hawan tudu ana tura su, masu su kuwa sun sha tufafi irin na kakanninsu. Hayaƙi kam ana shansa a ranar, amma ba mai ƙorafi, gama kowa ya san rana ɗaya ce a shekara, in ta wuce za a mai da tsofaffin nan ɗaki a lulluɓe su sai baɗi.

Irin waɗannan ne Turawa su ke nufi da motocin tarihi sa'ad da suka fara yi musu rangwame a cikin dokokinsu, kuma ba mai hankalin da zai yi musu ƙyashin rangwamen. To, amma bango ya tsage, ƙadangaru sun sami wurin shiga. Akwai mutanen da su ke karɓar takardar motar tarihi, su kuɓuta daga haraji da awon hayaƙi, sa'an nan su wuce gareji a yanke salansa, a cire abin da maƙerin motar ya sa domin tsare lafiyar mutane, su riƙa hawanta kullum kamar jakin kasuwa. Waɗannan su ne abin magana, su da hukumomin da suka rufe ido suka bar su.

Kafin a shiga maganar doka, ya kamata mai karatu ya san abin da ke fita daga bututun bayan mota. Inji yana ƙona fetur tare da iska, amma ba ya ƙone shi sarai. Cikin abin da ya ke fitarwa akwai wata iska da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ta ke kashe iyali ɗungurungum in an kwana da janareto a kunne cikin ɗaki. Akwai ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba. Akwai kuma wata da a ke kira oksaid na naitirojin, wadda tsananin zafin cikin inji ke haifarwa, tana cin huhu, tana ta da ciwon fuka. Injin gas kuwa ya ƙara da baƙin kunkunniya mai laushi ƙwarai, wanda ke wucewa can cikin huhu ya zauna.

Turawa ba su gane wannan ba sai da suka sha wuya. A watan Disamba na 1952 wani baƙin hazo ya rufe Landan kwana biyar, aka ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu, daga baya masu bincike suka ce adadin ya kai wajen 12,000. Wannan dai hayaƙin kwal ne, kuma shi ya jawo dokar tsabtar iska ta Ingila ta 1956. Na mota ya bayyana ne a birnin Los Angeles na Amurka, inda tun 1943 mutane su ke kukan hazo mai sa ido hawaye, ba a san mafarinsa ba, har wani masani haifaffen ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hayaƙin mota ne zafin rana ke dafawa a sararin sama. Masu ƙera motoci suka yi ta musu, amma a 1970 majalisar Amurka ta zartar da doka mai tsanani, daga motocin 1975 kuwa yawancinsu suka fara fitowa da matacin hayaƙi.

Shi matacin nan, wanda makanikai a Nijeriya su ke kira indomi, wata 'yar tukunya ce a tsakanin inji da salansa. Cikinta kamar saƙar zuma ya ke, an shafe ramukan da waɗansu ƙarafa masu tsada irin ta zinariya, watau filatinam da faladiyam da rodiyam. An ce masa mataci, amma ba tacewa ya ke yi kamar rariya ba. In hayaƙi ya ratsa ta cikinsa da zafi, ƙarafan nan su kan juya gubar ta koma tururin ruwa da waɗansu iskokin da ba su cin huhu, har in yana da lafiya ya kan rage wajen kashi 90 cikin 100 na gubar nan uku. Aikinsa dabam, aikin salansa dabam: ita ƙara kaɗai ta ke kashewa. Yana da abokin gaba guda, dalma, wadda tun 1923 a ke zubawa a fetur domin inji ya daina ƙwanƙwasa. Dalma tana kashe mataci, tana kuma lalata ƙwaƙwalwar yara, saboda haka aka yi ta hana ta ƙasa bayan ƙasa, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021.

Ƙasashen Turai sun makara. Sai daga farkon 1993 ne dokar tarayyarsu ta sa ba a iya sayar da sabuwar motar fetur ba tare da mataci ba. Daga nan suka riƙa ƙara tsananta ma'aunin hawa hawa, daga na 1 har na 6. Manyan birane kuma suka shata iyaka, suka ce motar da ba ta cika ma'auni ba kada ta shigo, ko kuwa ta biya. A Landan an fara wannan ran 8 ga Afrilu 2019 a tsakiyar gari, aka faɗaɗa a 2021, sa'an nan ran 29 ga Agusta 2023 magajin gari Sadiq Khan ya game birnin duka. Motar fetur da ba ta kai ma'auni na 4 ba, ko ta gas da ba ta kai na 6 ba, za ta biya fam 12 da rabi duk ranar da ta motsa.

Kada a ce neman kuɗi ne kawai. A watan Fabrairu na 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 ta rasu a kudancin Landan, bayan an yi ta kai ta asibiti saboda fuka. Gidansu yana dab da wata babbar hanya mai cunkoso. A watan Disamba na 2020 alƙalin binciken dalilin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta, kuma wannan ne karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Ingila. Duk wanda zai yi gardama a kan salansa, ya riƙa tunawa da cewa bakin bututun yana daidai tsawon yaron da ke tsaye a gefen hanya.

To, ga inda abin ya ke. A Ingila, motar da ta shekara 40 ana iya mai da ita ajin motocin tarihi. Shekarar kuwa tafiya ta ke yi: daga 1 ga Afrilu 2025, duk motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1985 ta isa shiga. In ta shiga, ba ta biyan harajin mota na shekara, ba ta biyan fam 12 da rabin nan na Landan, tun 20 ga Mayu 2018 kuma an ɗauke wa motoci masu wannan shekaru gwajin lafiyar mota na shekara shekara, wanda a cikinsa ne a ke auna hayaƙi. A ɗauki misalin maƙwabta biyu. Ɗaya tana aikin jiyya, tana da 'yar motar gas ta 2012, ita ce iyakar abin da ta iya saye. In tana fita kwana 250 a shekara, fam 3,125 ke nan za ta zube. Ɗayan yana da ƙatuwar motar fetur ta 1979, ba mataci, tana fitar da kabon monoksaid ninkin ba ninkin na ta maƙwabciyarsa. Shi ko sisi ba a ce ya ba da ba, ko da kullum ya ke hawanta. Wace irin shari'a ce wannan?

Masu tsofaffin motoci suna da amsa, kuma a yi musu adalci, amsar tana da ƙarfi. Sun ce motocinsu ba su yawo. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta Ingila ta yi ƙidaya a 2020, ta ce motar tarihi, in an kwatanta, ba ta wuce tafiyar wajen mil 1,200 a shekara. Sun ce kuma kayan tarihi ne, kamar tsohon gini ko tsohon takobi, akwai dubban makanikai da masu fenti da masu ɗinkin kujeru da ke ci daga gare su, ba kuma duk masu su ne attajirai ba. Babbar ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta bayyana motar tarihi da sharuɗɗa: ta shekara 30 aƙalla, an adana ta bisa kamanninta na asali, ba a kuma yin zirga-zirgar yau da kullum da ita.

Madalla da wannan bayani, gama da shi za a kama su. Rangwamen ciniki ne tsakanin mai mota da jama'a. Jama'a sun ce sun yafe masa hayaƙinsa, shi kuwa ya ce zai tsare musu wani abu na tarihi yadda ya ke, ba zai kuma dame su da shi kullum ba. A zamanin En'e, in mutum ya tsufa ƙarfinsa ya ƙare, a kan soke sunansa daga takardar haraji, ba wanda zai ce an yi son kai. Amma da a ce wani ƙato ya shafa toka a gemu ranar ƙirga, ya zo yana dogara sanda, gobe kuma a gan shi yana dambe a dandali, ai dagacin da ya shaide shi ma sai ya amsa tambaya. Mutumin da ya karɓi takardar tarihi, sa'an nan ya sāke cikin motar ya mai da ita abin hawan kullum, furfurar aro ya yi.

Abin da su ke yi a garejin ba ɓoyayye ba ne, suna ma alfahari da shi. Wani ya cire salansar asali ya sa miƙaƙƙen bututu mai faɗi domin motar ta riƙa ruri, duk unguwa ta san ya dawo. Wannan dai hana barci ne. Wani ya cire kafireto ya sa manya guda biyu, ya buɗe wa fetur hanya, har wanda ke bin bayansa idonsa ya riƙa yaji. Wani kuwa, wanda motarsa ta zo da mataci daga masana'anta, ya sa a yanke shi, ko a huda shi a zazzage cikin a mai da fankon, domin mai leƙawa ya ga kamar yana nan. Na huɗu ya fi su duka: ya cire injin gaba ɗaya ya dasa wani mai ƙarfi na zamani, ya bar matacin da injin ya zo da shi a ƙasa. Gangar jiki ta kaka, zuciya ta jika, takarda kuwa tana cewa tarihi.

In an yi musu magana sai su ce, ai motarsu ce, da kuɗinsu suka saya. Gaskiya ne, motar tasu ce, amma iskar ta wa ce? Mai rijiya a cikin gidansa yana iya yin abin da ya ga dama da ruwanta, amma mai zuba ƙazanta a rafin da gari ke sha ba ya tsira da cewa guga nasa ne. Sai su ce mataci yana shaƙe inji. Na farkon nan na shekarun 1970 lalle sun rage wa mota ƙarfi, amma na yanzu, mai saƙar zuma, abin da ya ke ragewa kaɗan ne, mai tuƙi a cikin gari ba zai ko ji ba. In kuwa ƙarfin tsere a ke nema, akwai filayen tsere da aka keɓe, a ɗauki motar a bayan tirela a kai ta can.

Hujjarsu mafi ban dariya ita ce ta asali. In an ce a sa wa tsohuwar mota wani abin rage hayaƙi, sai su dafe kai su ce za a ɓata tarihi. Alhali kuwa sa'ad da aka daina sayar da fetur mai dalma a gidajen man Ingila a shekarar 2000, su ne suka yi layi wurin makanikai aka sa musu mazaunin bawul mai tauri domin injin ya jure sabon mai. Suna sa tayoyin zamani, da birkin zamani, da na'urar wuta ta zamani, har da rediyo mai magana da wayar hannu. Duk waɗannan ba su ɓata tarihi ba, sai abin da zai amfani huhun maƙwabci? Taura biyu ba ta taunuwa. In asali a ke bi, a bar salansa da mataci yadda maƙeri ya sa su. In kuwa gyara a ke bi, to, motar ta fita daga ajin tarihi, ta shiga layin awo tare da sauran.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin hukumar Ingila ya fi na masu motar, gama ita ta bar ƙofa a buɗe. Dokar 2018 ta ce ba a ɗauke gwaji ga motar da aka yi wa babban canji cikin shekara 30 da suka wuce, kamar sāke mata inji da wani iri dabam. To, wa ke dubawa? Mai motar ne da kansa zai shaida cewa ba a canja kome ba, a kan wata takarda mai lamba V112, shi ke nan. Ba jami'in da zai buɗe bonet, ba wanda zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ta rubuta rasit. Har wa yau, ko motar ta rasa rangwamen gwaji saboda an sāke mata inji, tana iya zama a ajin haraji na tarihi, kuɓuta daga kuɗin Landan kuwa ajin harajin ta ke bi. An hana yin haya ko kasuwanci da motar da ke wannan aji, amma ba a ƙayyade mil nawa za ta yi ba, ba a kuma hana zuwa aiki da ita kowace safiya ba.

Wannan ɓaraka ƙarama ce yau, domin motocin Ingila na kafin 1985 kusan dukansu ba su zo da mataci ba, babu abin yankewa. Amma shekarar tafiya ta ke yi. In ba a sāke dokar ba, wajen 2033 motocin 1993 za su cika shekara 40, watau na farkon da doka ta tilasta wa mataci. Yau in mai irin wannan mota ya cire matacinta, za ta faɗi a gwajin shekara. Ran da ta cika 40, gwajin ya faɗi a kanta. Dokar hana hawa hanya da motar da aka lalata wa kayan hayaƙi tana nan a rubuce, amma dokar da ba mai dubawa ai ado ce. Motocin shekarun 1990 kuwa ba irin na kakanni ba ne masu tari a hawan tudu. An ƙera su da yawa, ba su saurin tsatsa kamar na da, suna da iyakwandishan, mutum yana iya hawansu kullum bai ji ya rasa kome ba.

Jamusawa sun fi tsare abin. Tun 1997 suna ba motar da ta shekara 30 lamba mai harafin H a ƙarshe, mai ita ya biya haraji guda, kusan Yuro 192 a shekara, ya kuma shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi, waɗanda aka fara shatawa a Berlin da Kolon da Hanoba ran 1 ga Janairu 2008. Amma kafin a ba da lambar sai gwani ya duba motar ciki da waje, ya shaida tana bisa kamanninta na asali, canjin da aka yarda da shi kuwa sai irin wanda a ke yi a zamaninta. Bayan haka tana zuwa gwaji kowace shekara biyu kamar kowa, in ta fetur ce da aka yi wa rajista daga 1 ga Yuli 1969 har hayaƙinta a ke aunawa. Sun kuma yarda mutum ya ƙara wa tsohuwar mota mataci ba tare da ta rasa lambarta ba. Ko da ya ke su ma ba su ƙayyade tafiya ba, kuma shekara 30 ta yi kaɗan, duk da haka mai yanke mataci a Jamus ya san ranar tonon asirinsa tana zuwa.

A Amurka an riga an ga ƙarshen irin hanyar da Ingila ta ɗauka. Jihar Kalifoniya ta taɓa yin doka mai tafiya, cewa duk motar da ta shekara 30 ta kuɓuta daga awon hayaƙi. A 2004 majalisar jihar ta soke ta, ta kafa iyaka wuri guda: motar fetur ta 1975 ko kafin nan ba a auna ta, ta 1976 zuwa sama kuwa sai ta zo, ko ta shekara nawa. A 2025 an kawo shirin sassauta wannan, da goyon bayan Jay Leno, wani mashahurin mai ban dariya da ya tara tsofaffin motoci, amma shirin bai wuce ba a shekarar. Jihar Nebada ta sha nata darasin. Ta bar motar da ta shekara 20 ta karɓi lambar tarihi ta tsallake awo, muddin mai ita ya ce ba ya wuce mil 5,000 a shekara. Nan da nan duk mai akwalar da ta kasa cin awo ya zama mai son tarihi, har a kan ga motar ɗaukar kayan aiki da lambar. A 2021 majalisa ta gyara, daga 2023 ba a ba da lambar sai mutum ya nuna inshora irin ta motocin tarihi. Dokar tarayyar Amurka kuma, tun gyaran 1990, ta hana kowa cire kayan hayaƙin mota, har mai ita, ba ta ce ban da tsohuwa ba.

Akwai waɗansu a ɗaya gefen da su ke cewa a soke rangwamen ɗungum, duk motar da ba ta cika ma'aunin yau ba a kai ta a niƙe. Su ma sun wuce gona da iri. Mataci irin na yanzu ba ya aiki sosai sai fetur da iska sun gauraya daidai wa daida, da na'urar da ke auna su kowane lokaci, kafireton 1960 kuwa bai san wannan ba. A ce motar wancan zamani ta cika ma'auni na 6 daidai ya ke da a ce kada ta sāke taka hanya. Ƙera sabuwar mota ma ba ya yiwuwa sai an narka ƙarfe an ƙona makamashi mai yawa. Sababbin kuma ba waliyyai ba ne: a 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocin gas wajen miliyan 11 wata dabara da ke rage hayaƙi lokacin awo kaɗai. Sai dai laifin babban kamfani ba ya wanke na ƙaramin gareji.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa ina ruwansa da rigimar Turawa. Da ruwansa, gama motar da aka kora daga biranen can ba duka a ke niƙewa ba, jirgin ruwa a ke sa ta. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu wajen miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufa. Masu duba kaya na Holan da suka bincika waɗanda a ke lodawa a tashoshinsu sun tarar da yawa sun shekara 16 zuwa 20, waɗansu an riga an yanke musu mataci saboda ƙarafan cikinsa. Wanda ya tsira a can, sau da yawa a garejin nan a ke zare shi mai motar bai sani ba, ko kuwa a ce masa shi ke hana motar gudu. Fijo 504 kuma, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, a Faransa ta zama abin kai wa wurin nuni ran Lahadi, a Afirka ta Yamma kuwa ta ƙare rayuwarta ne tana jigilar mutane da buhuna. Wanda ke hawan tsohuwar mota don ba shi da wata, uzurinsa a fili ya ke. Wanda ya ajiye sabuwa a gida ya fito da tsohuwa don ya kauce wa awo, ba shi da irin wannan uzuri.

Gyaran ba shi da wuya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowace mota a auna ta da ma'aunin shekarar da aka haife ta: ta 1960 a duba kada ta riƙa tuƙa hayaƙin da ido ke gani, ta 1980 a auna ta da abin da aka nema a 1980, wadda ta zo da mataci kuwa ta mutu da shi, in ya lalace a sa wani. Takardar tarihi kada a ba da ita bisa shaidar mai mota, sai wani ya duba da idonsa, a kuma sāke dubawa bayan 'yan shekaru. Wanda ya dasa injin zamani, a bi shi da dokar shekarar injin. A kuma ƙayyade tafiyar shekara. Masu cewa wannan ba zai yiwu ba su tambayi kamfanonin inshora, waɗanda tun tuni su ke rage wa mai motar tarihi kuɗi bisa sharaɗin kada ya wuce mil kaza. In ɗan kasuwa ya iya karanta agogon mil domin tsare aljihunsa, hukuma ma ta iya.

Ƙungiyoyin masu motocin tarihi su ya kamata su fara neman wannan, tun ba a nema musu ba. In iyayen yara masu fuka suka gaji, ba za su tsaya bambanta mai adana motar kakansa da mai huda mataci ba, rangwamen duka za su ce a soke, kuma ƙuri'unsu sun fi yawa. Motocin 1993 suna nan tafe, an kuma san shekarar isowarsu.